Sawun Dorina

Daren Alhamis dorina ta hawo daga Kwara,
ta shiga fadamarmu da ke ƙasan Yawuri,
ba sallama, ba neman iso.
Da gari ya waye, shinkafar da muka dasa da kuɗin bashi
ta zama kamar kan da wanzami ya fara, ya gudu.

Barnaba, babban ɗana, ya sauko da zagon kakansa daga rufin ɗaki,
ya zauna bakin dutse yana wasa shi.
Ban ce ya bari ba.
Ban ce ya je ba.
Na tsaya cikin laka ina ƙirga buhunan
da ba za su shigo rumbu ba bana.

Da dare Rahila ta shimfiɗa tabarma, muka durƙusa.
Bakina ya bi addu'ar da ya saba,
kamar jakin da ya san hanyar gida.
Da muka iso wurin roƙon abincin yini,
Keziya, mai giɓi biyu a gaba,
ta buɗe ido ɗaya ta ja mini riga:
"Baba, ita ma dorinar ta roƙa ne?
Shi ne aka ba ta namu?"

Uwarta ta ce ta yi shiru.
Ni kuwa amin ta maƙale mini
kamar ƙayar kifi.

Lahadi muka shiga kwalekwale za mu haye sujada,
mu biyar, da tsohuwata Damaris
da ƙwaryar ƙwai na baiko a cinyarta.
Hazon ruwa bai gama tashi ba.
Tsakiyar kogi sai ruwa ya kumbura,
kunnuwa biyu ƙanana suka fito suna kaɗawa,
sannan hanci, sannan wani baya mai faɗin ɗaki,
a gefensa ɗan jariri
yana ta zamewa, yana sake hawa.

Tsakaninmu bai fi igiyar guga ba.
Na ɗaga matuƙi daga ruwa.
Ina jin ɗigonsa, ɗal, ɗal,
ina jin numfashin Barnaba a ƙeyata.
Tsohuwa ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba,
ta dai ɗora tafinta a kan ƙwai,
leɓenta yana motsi da sunan Yesu.

Dorina ta dube mu.
Idon nan bai san bashi ba, bai san iyakar gona ba.
Ido ne na mai shayarwa
da ke auna ko mu abin tsoro ne.
Da haƙori ɗaya za ta iya raba jirginmu biyu.
Ta huro ruwa, ta tura ɗanta gaba, ta nutse.

An bar mu muka wuce.
Ba don mun cancanta ba.
Na sha jin kalmar alheri daga bagade,
ban taɓa jin ta da warin laka
da sanyin gwiwa ba sai ran nan.

Abin da fasto ya yi wa'azi a kai, ban riƙe ba.
Ƙwai dai ko ɗaya bai fashe ba.

Bayan kwana tara na koma fadama.
Sawunta na nan, kowanne kamar akushi,
ruwa ya taru a ciki,
balbela na sha daga ɗaya,
'yan kifi na wasa a wani.
Kututturen shinkafar da ta datse
ya tofo kore, siriri, mai taurin kai,
kamar wanda aka binne ya ƙi zama a ƙasa.

Gyauro ba ya biyan bashi duka, na sani.
Mai kuɗi zai zo ranar kasuwa.
Mun kafa gwangwanaye a igiya,
muna kwanan gona bi da bi, muna hura wuta.

Zagon ya koma rufin ɗaki.
Ban ga lokacin da Barnaba ya mayar ba,
ban tambaye shi ba.

Keziya kuwa ta ƙara suna guda a addu'arta ta dare,
tsakanin kakarta da malamar ajinsu.
Har yanzu nakan ɗan jinkirta
kafin in ce amin.
Amma ina cewa.